Kwana goma sha uku a aji huɗu: abin da kafinta ya gani

Ni kafinta ne. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina riƙe da zarto da guduma a Maiduguri, kuma a cikinsu akwai kusan uku, daga 2016 zuwa 2019, da ban yi wani aiki ba sai kafa wa 'yan gudun hijira rumfuna. Wata ƙungiyar agaji ce take ɗaukar mu a kan kuɗin yini. Da safe mota ta sauke katako da ƙusa da tamfol, mu huɗu mu tayar da ɗaki ɗaya kafin azahar, mu tayar da wani kafin la'asar ta yi sanyi. Firam na katako, a lulluɓe shi da tamfol sama da gefe, irin wanda masu aikin suke kira samfurin Bama. Ban ƙirga nawa na kafa ba, amma ɗaruruwa ne. Duk tsawon lokacin nan ban taɓa kwana a cikin ko ɗaya ba. Yamma na yi sai in wanke hannu, in tari keke napep, in koma gidana a Gwange.

Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta sa ni a layin mutanen da nake kafa wa rumfa. Tun kwanaki kafin nan kogin Ngadda yake ta cika yana batsewa, muna zuwa bakin gada muna kallo, manya suna cewa ko me zai yi ba zai kai na 1994 ba. Ni ma na ga na 1994 ina ɗan shekara goma sha biyu, har yau ina tuna Baba da keken ɗinkinsa a ka. Wannan karon da madatsar ta ɓalle, ruwan bai ba kowa lokacin ɗaukar keken ɗinki ba. Wajen ƙarfe ɗayan dare yana idon sawu a tsakar gida. Kafin mu gama tashin yara ya kai gwiwa, muna fita lungu ya kai ƙugu. Na goya Inna, mahaifiyata. Mai ɗakina ta goya autanmu ta riƙe hannun biyu na tsakiya, babbar 'yarmu ta ɗora ledar takardu a ka. Abin da hannuna ya kai gare shi a bakin ƙofa shi ne jakar aikina: guduma, tef ɗin awo, filaya, da 'yan ƙusoshi a gwangwanin madara. Na rataya ta a wuya muka bi jama'a.

Labarin garin duniya ta gani, ba sai na maimaita ba. Ruwa ya shiga fadar Shehu, ya shiga kasuwar Monday Market, ya shiga asibitin koyarwa, ya cinye gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya rushe katangar gidan yari fursunoni 281 suka fice. Gwamnatin jiha ta ce abin ya shafi mutum kusan miliyan ɗaya, sama da dubu 400 kuma sun bar gidajensu. Sansanin Bakassi da ke hanyar Damboa, wanda aka rufe tun 2021, sai da aka sake buɗe shi. Sojoji da samari masu kwalekwale sun yi aikin da Allah ne kaɗai zai biya su, haka ma matan da suka riƙa dafa abinci a gidajensu suna aiko wa mutanen da ba su taɓa gani ba. Ba na so abin da zan faɗa a ƙasa ya shafe wannan.

Mu ƙafa ta kai mu wata makarantar firamare da ke kan tudu. Aka ce mata da yara su shiga azuzuwa, maza mu samu baranda da gindin dogonyaro. Iyalina suka faɗa aji huɗu. Washegari da hankali ya ɗan dawo jikina sai na ciro tef na auna ajin, don hannun kafinta ba ya zama haka nan. Mita takwas a tsaye, bakwai a kwance, murabba'in mita 56 ke nan. A lokacin da nake aikin sansani injiniyanmu ya sha nanata mana ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya suke bi, wadda ake kira Sphere: kowane mutum a ba shi aƙalla murabba'in mita uku da rabi a ƙarƙashin rufi, bandaki ɗaya na mutum ashirin, ruwa lita goma sha biyar ga kowa a yini. Da wannan lissafin, ajin nan na mutum goma sha shida ne. Na tsaya a bakin taga na ƙirga, mata da yara, na samu hamsin da takwas.

Cunkoson kansa mutum yana iya jurewa, duk wanda ya taɓa kwana a tashar mota ya san haka. Abin da ya fi cin mutane shi ne rashin sutura. Mace ba ta da inda za ta kwance zani ta ɗaura wani. Suruka da matar ɗanta, waɗanda a gida ko abinci ba sa ci a gaban juna, ga su kafaɗa da kafaɗa a tabarma ɗaya. A kusurwar allo akwai wata maijego da kwananta biyar da haihuwa, babu wurin wankan jego, babu ma inda za ta juya baya ta ba jariri nono ba tare da idon samarin da ke wucewa ta taga ya sauka a kanta ba, don tagogin babu marufi. Namiji kuma ba shi da halin shiga ya duba iyalinsa, sai dai ya tsaya a ƙofa ya yi ta sallama har a ji shi.

A rana ta uku mai ɗakina ta fito ta same ni a gindin bishiya. Ta rage murya ta ce, "Maigida, ka zo ka yi wa Inna magana. Tun jiya ba ta sa ruwa a bakinta ba." Na ɗauki kofi na je bakin ƙofa na durƙusa, na ce, "Inna, ga ruwa." Ta ce, "Ajiye, na sha." Na ce, "Inna, don Allah." Ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, da girmana zan bi layi da jikokina, wurin kuma ko ƙofa babu? In ban sha ba, ba zan nema ba."

Makarantar tana da ramin masai huɗu, an yi su ne don yaran da za su zo da safe su tashi da rana. Biyu ba su da ƙofa. Mu kuma mun haura dubu a harabar. Da dare babu fitila a wajen, 'yan mata ba sa iya zuwa sai an haɗa su uku huɗu da wata babba. Inna ba ita kaɗai ba ce ta daina shan ruwa, daga baya na gane tsofaffi da yawa haka suka yi, a cikin zafin watan Satumba mai gumi.

Ranar na fara taɓa jakar aikina. Akwai karyayyun bencina jibge a bayan ofis. Na nemi izinin malamin da ke kula da wurin, na zare ƙusoshinsu ɗaya bayan ɗaya na miƙar da su a kan dutse, na haɗa ƙofa biyu da katakon benci da guntun kwanon da iska ta yaye. Daga nan na roƙi matan aji huɗu su ba ni rabin sa'a. Na bi layin siminti tsakanin bulo da bulo, daidai tsayin kaina, na kafa ƙusa a bango nan da can. Igiya kuwa, da wadda aka ɗaure kaya da ita, da ta shanya da wani ya tsinto, da wayar lantarki da ta mutu, duk na ƙulla. Na ja layi ɗaya a tsakiya, na ja biyu a gicciye. Mata suka kawo abin da suke da shi, zannuwa, mayafai, buhun shinkafa da aka farke, aka rataya. Aji ɗaya ya koma ɗaki shida. A na kusurwa muka ajiye bokiti mai murfi saboda tsofaffi da maijego.

Ina tattara kayana zan fita, wata mata da ban san ta ba, wadda tun zuwanmu ban ji muryarta ba, ta ɗaga zani ta shiga ɗaya daga cikin ɗakunan ta zauna, sai muka ji kukanta. Mai ɗakina ta gaya min daga baya cewa tun daren ruwan ba ta san inda ɗanta yake ba. Kwana uku tana riƙe da kukan nan saboda babu inda za ta yi shi.

Da dare ina kwance a baranda, sauro yana ta aikinsa, wata tsohuwa 'yar Marte ta faɗo min a rai. A 2017 ne, muna gama kafa layin rumfuna, ta jawo hannun rigata ta ce, "Ɗana, ƙofata tana kallon ƙofar wancan. In na ɗaga labule ya ga tabarmata. Ba za ka juya min ita ba?" Na ce, "Iya, haka aka zana a takarda, ba ni da ikon canzawa." Gaskiya na faɗa mata, amma aikin minti ashirin ne, kuma ban ko kai maganar gaba ba.

Abin da ya biyo baya a irin waɗannan layuka duk wanda ya yi aikin sansani ya sani. Mu muna jera ɗakuna reras kamar barikin soja, mu bar tazara tsakaninsu saboda gobara, aƙalla mita biyu. A takarda babu tsakar gida, babu madafa, babu makewayi. To mutumin Marte ko Gwoza ko Monguno ba ya zama a ɗaki tsirara haka. Kafin wata guda kowa ya nemo zana ya kewaye ƙofarsa, mace ta kafa murhu a lungun da ya rage, wato a cikin tazarar nan da muka bari. Zana ta haɗu da zana, tamfol ya haɗu da tamfol, iskar hunturu ta taso. Gobarar da ta sha tashi a Muna da Monguno da Ngala, har da asarar rayuka, ni a wurina tun daga takardar zane take farawa. Ana cewa mutane ba sa jin gargaɗi. Mace mai yara biyar dole ta yi girki, in ba ka ba ta wurin murhu ba za ta samar wa kanta.

Da za a sake ba ni wannan aikin, kuma a tambaye ni, ba zan jera ɗakuna a layi ba. Zan haɗa shida ko takwas su kewaye fili ɗaya, ƙofofinsu suna kallon ciki, a zuba dangi ɗaya ko 'yan unguwa ɗaya, waɗanda dama sun san kunyar juna. Madafa ta zauna a gefen da iska ke fita, da 'yar katangar ƙasa iya ƙugu. Tazarar gobara ta koma tsakanin wannan rukuni da wancan, inda ba wanda yake da dalilin cike ta. Katakon da za a kashe ɗaya ne, tamfol ɗin ma ɗaya ne. Bambancin kawai a zauna da Bulama, wato mai unguwa, da matan wurin kafin a buga turken farko.

Shi kansa tamfol ɗin ina da magana a kansa. Yana tare ruwa, ba a musu, kuma a makon farko ba abin da ya kai shi sauri. Amma a Borno, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ɗakin tamfol tanda ne. Da rana ba mai iya zama a ciki, za ka ga kowa ya fito yana bin inuwar bango. A watan Janairu kuma sanyi ya ratsa shi kamar babu. Rana tana cin sa, a iya ganina daga wata shida zuwa shekara ya fara farfashewa daga inda ƙusa ta huda. Maganin ba shi da tsada. A ɗora zana a saman rufin da tazarar kamar taƙi ɗaya, iska ta riƙa wucewa tsakani. A yi bango da zana ko asabari, tamfol ya tsaya a sama da gefen da ruwa ke bugowa. A buɗe taga biyu masu kallon juna. Ƙusa kada ta taɓa tamfol kai tsaye, a danne shi da siririn katako ko a sa murfin kwalba. Sai daɓe: a ɗaga shi kamu ɗaya da buhunan ƙasa, a ja lambatu a kewaye. Na ga sansanin da aka kafa wa mutanen da suka gudo, ruwan sama na awa biyu ya shiga ɗakunansu ya jiƙa garin da aka raba musu jiya, saboda an daɓe ɗaki daidai da ƙasar waje.

Ƙanena yana karatun zanen gine-gine. Da na ba shi labarin igiya da zannuwa, sai ya ciro waya ya nuna min hotunan wani mai zanen gini ɗan Japan, Shigeru Ban. Bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwan teku ta 2011, mutanensu sun cika manyan ɗakunan wasanni na makarantu, iyali kusa da iyali a fili. Shi sai ya kawo bututun takarda mai kauri, a sarƙafa su su zama firam, a rataya labule, kowane iyali ya samu ɗakinsa. Na daɗe ina kallon hoton. Ƙasa mai arzikin Japan, damuwarsu irin ta Inna ce, maganin ma kusan irin na aji huɗu ne. Abin da suka fi mu da shi, su kayan suna nan a shirye, mu sai da na miƙe tsohuwar ƙusa a kan dutse.

Ya kuma nuna min na Bangladesh, ƙasar da guguwar teku ta 1970 ta kashe mata aƙalla mutum dubu 300. Su sun yarda cewa in masifa ta zo makaranta mutane za su nufa, sai suka riƙa gina makarantun bakin teku a kan dogayen ginshiƙai. Kullum yara suna karatu, ranar guguwa gari ya hau sama. Wannan tunanin nake so ya shigo mana. Ko muna so ko ba ma so, a Maiduguri da Haɗeja da Lakwaja, ranar da ruwa ya zo makaranta za a buɗe, don ita ce babban ginin da ke kowace unguwa. To me zai hana a zaɓi waɗanda ke kan tudu tun da rani a shirya su? A ƙara ramukan masai, na mata daban da fitilar sola a kai, ƙofa mai sakata ta ciki. A yi rijiyar burtsatse da tanki. A dasa ƙugiyoyi a bangon azuzuwa tun ranar da ake filasta. A ware ɗan sito guda a zuba igiya da yadin labule da gidan sauro da bokitai da tabarmi, mabuɗi ɗaya wurin hedimasta, ɗaya wurin Bulama. Yaran makarantar su ne za su fara cin moriyar bandakin da ruwan, ko ambaliya ba ta zo ba har shekara goma.

Akwai kuma wata dattijuwa a Pakistan, Yasmeen Lari, mace ta farko da ta zama mai zanen gini a ƙasar. Bayan ambaliyarsu ta 2010 da ta 2022 ta koya wa mutanen ƙauye, musamman mata, yin ɗaki da gora da ƙasa da farar ƙasa a kan dandamalin da aka ɗaga, har murhun ma a kan dakali yake. Mu ba mu da gora mai yawa a nan, amma muna da kara da zana da ƙasa, muna da magina da kafintoci a kowane lungu. A makarantar da muka zauna kaɗai na ƙirga kafintoci biyar da magina bakwai da mai walda ɗaya, duk muna zaune a gindin bishiya muna jiran a kira layin abinci. Da an sauke mana katako da ƙusa a rana ta biyu, da kafin Juma'a wurin ya canza kama, mu ma da mun samu na sabulu, zuciya kuma ta samu abin yi.

Kwananmu goma sha uku aka ce makarantu za su koma, a tashi. An ba da ɗan abinci da ɗan kuɗi. Ban ga laifin buɗe makaranta ba, ni ma ina da yara huɗu. Sai dai gidanmu a lokacin laka ce har gwiwa da wari, rijiya ta haɗe da masai. Yayan mai ɗakina da ke Bulumkutu ya ce mu taho. Ɗaki biyu gare shi da falo, su bakwai, mu bakwai. Wata biyu muka yi. Buhun masararsa da ya yi niyyar ya kai shi ƙarshen shekara ya ƙare a mako biyar, masansa ya cika sai da aka kira masu kwashewa, yaransa suka koma kwana a falo, shi da matarsa ba su taɓa nuna mana a fuska ba. Ba wanda ya zo ya rubuta sunansa, don shi ruwa bai taɓa shi ba.

A layinmu na Gwange, in na bi gida gida, waɗanda suka sauka wurin 'yan uwa sun fi waɗanda suka je sansani yawa. Wannan shi ne babban matsugunin wucin gadi da muke da shi, zumunci, kuma shi ne ba a sa shi a lissafi. Mai masaukin da ya karɓi mutum bakwai, in aka ba shi buhun hatsi, aka kwashe masa masai, aka ba shi bandir ɗin kwano da katako ya yi rumfa a tsakar gida, kuɗin bai kai na ajiye mutum bakwai ɗin a sansani ba, kuma matan suna cikin sutura, yaran suna cikin dangi. Sai 'yan haya, waɗanda su abin tausayinsu ya fi na kowa. Gidan da ya rushe ba nasu ba ne, in an zo ƙidayar gidaje sunan mai gida ake ɗauka, kuɗin haya a unguwannin tudu kuma ya yi sama a mako guda. Wani abokin aikina har yau iyalinsa suna ƙauye, shi yana kwana a shago.

Da ruwa ya janye, kullum da asuba nake zuwa gidan. Ɗaki biyu na bulo sun tsaya, ɗakin Inna na ƙasa ya zauna gaba ɗaya, kwanon yana kwance a kan tarkace. Abin da ya sa mutane suke ƙin zama a sansani mai nisa ke nan, wanda bai sani ba sai ya ce taurin kai ne: in ba ka kusa, kwanonka da ƙofarka da tagarka ba za su kwana uku ba. Mutum ya fi son ya kafa rumfa a kan filinsa ya riƙa gyara a hankali. Ƙungiyar Red Cross ta duniya tana da wani ƙunshin kaya da take rabawa don haka, tamfol biyu masu mita huɗu da shida, igiya, waya, ƙusa, guduma, zarto, shebur da fartanya. Wanda ya tsara wannan ƙunshin ya san aiki. Ni da zan ƙara, baro zan ƙara, ko da ɗaya ne ga gida biyar, da maganin tsarkake ruwa. Laka da kai muka riƙa kwashe ta a bokiti. A watan Oktoba gwamnatin jiha ta sanar da ɓullar kwalara, ba wanda ya ga rijiyoyinmu da zai yi mamaki.

Kalmar wucin gadi ma tana yaudarar masu tsari. Mutanen da na kafa wa rumfa a 2016 an ce na wata shida ne, wasunsu sun aurar da 'ya'ya a cikinta. Shi ya sa nake ganin duk abin da za a ba mutum, a ba shi wanda zai iya kwancewa ya tafi da shi. Katakon da aka haɗa da noti ko aka buga da lissafi, kwano a maimakon tamfol na biyu, ƙofa ta gaske mai firam. Yau rumfa ce a sansani, gobe ita ce rufin ɗakinsa a gida.

An amince da naira biliyan 80 don gyaran Alau a 2025, muna fata Allah ya sa a gama lafiya. Amma ruwa ba Alau kaɗai ya sani ba. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. A ƙarshen Mayun 2025 ga Mokwa a jihar Neja, sama da mutum 150 suka rasu a safiya ɗaya. Kowace shekara hukumar yanayi ta NiMet da hukumar lura da ruwa ta NIHSA suna fitar da hasashen damina da wuraren da ake tsoron ambaliya tun kafin ruwan farko ya sauka. Lokacin sayen igiya da haƙa masai ke nan, lokacin da katako yake a bushe, mota kuma tana iya shiga ko'ina.

Da ranin da ya wuce na je wurin Bulamanmu na ce, "Baba, Allah ya ja kwana, wata 'yar shawara na kawo." Ya saurare ni har ƙarshe, ya aika aka kira liman da wani magini. Akwai wata Islamiyya a tudun da ke sama da mu, masu ita suka yarda. Bayan sallar Juma'a uku aka tara abin da aka tara. Mai walda ya lanƙwasa mana ƙugiya 48 da ragowar rodi, muka dasa goma sha biyu a kowane aji, yanzu yara suna rataya jakunkunansu a kai. Igiya da yadi suna cikin durom a ofishin malam. Matan unguwa sun rubuta gidajen tudu da suka ce za su karɓi baƙi, da adadin da kowa zai iya, da sunayen tsofaffi da masu ciki da za a fara fitarwa. Ramin masai biyu mun haƙa mun gina, ƙofofin suna shagona na gama su, saura kwanon rufi.

Ɗakin Inna na sake shi da bulo, na ɗaga daɓensa layi uku sama da tsakar gida. Ta ce gwiwarta ba za ta iya hawa ba, sai na yi mata matakala biyu masu faɗi da abin dafawa na katakon maɗaci a gefen dama.